Mahayin Ƙarshe

Yau ce rana ta shida, ranar ƙarshe, kuma tun da motar agaji ta tashi Auta ba ta ce uffan ba.

Direba ya jawo mata hirar tsadar mai, ta yi shiru. Ya jawo ta surukarsa, wadda kullum ke ba ta dariya, nan ma shiru. Da ya gaji sai ya ƙara muryar rediyo ya ƙyale ta.

Idonta na kan titi. A gabansu kaɗan wani dogon saurayi ne da ake kira Sufana a kan tsohon baƙin keke, da jakar kayan gyara ɗaure a bayan sirdi. A gabansa kuma yayanta ne, yana ta haki a kan sabon jan keke mai sheƙi. Haka aka kwana biyar ana tafiya. Ita tana kallon bayan Sufana, Sufana yana kallon bayan Yaya, Yaya kuwa ba ya ganin komai sai tayar gabansa.

Mutum talatin ne suka ɗauko wannan tafiya ta kilomita ɗari shida, saboda gidan da ke tsugunar da matasa masu kwana a titi. Kowane mahayi yana da waɗanda suka tsaya masa. In ya kai ƙarshe a kan kekensa, za su sa gado ɗaya a gidan, su ɗauki nauyin mai kwana a kai har shekara. In ya sare ya shiga mota, gadon ya bi ruwa. Auta nas ce, hutu ta ɗauka daga asibiti ta biyo su da akwatin magani.

Sufana shi ne mai rufe baya, ba ya cikin talatin ɗin. Aikinsa faci da gyaran sarƙa, dokarsa kuma ɗaya ce: ba ya wuce na ƙarshe, ko da tafiyar hawainiya yake yi. Shi kansa a wannan gidan ya tashi. Can ya koyi gyaran keke, har ga shi yanzu yana da shagonsa da ma'aikata uku. Can kuma Auta ta fara ganinsa shekara biyu da suka wuce, ranar da ta je duba marasa lafiya, tun daga ranar zuciyarta ba ta sake zama tata ba.

Baba dai ya ƙi.

"Ni ba na yi wa 'ya'yana dole," ya ce mata. "Ban ce ki auri wane ba. Amma ba zan miƙa ki ga mutumin da ba a san ƙofar gidansu ba. In ya ɓata miki, wa zan kira?"

Da ya ji tafiyar nan har da Sufana, sai ya ce ba inda za ta sai da Yaya. Yaya kuwa rabonsa da keke tun firamare, ga tumbi ya ajiye a ofis. Ya tafi da abokinsa Manaja suka sayo kekuna masu tsada. Manaja shi ne mai kamfanin ruwan da ake sha a tafiyar, kuma ya daɗe yana sintiri a gidansu Auta da izinin Yaya.

Yau da safe Baba ya kira ta. "Zan zo wurin tarbar ku. In kin sauko daga motar nan, ki sauko da maganar yaron nan a ƙare."

Abin da ya ɗaure mata baki ke nan.

Da hantsi aka yada zango a wani gidan mai. Tana bayan mota tana fasa ƙanƙara sai ga Sufana, yana goge hannu da tsumma.

"Tun safe nake ganin fuskarki. Baba ne ko?"

Ta gyaɗa kai.

Ya daɗe yana murza tsumman. "To ki bi maganarsa, Auta."

Ƙanƙarar ta suɓuce daga hannunta. "Me ka ce?"

"Ki bi maganarsa. In mun isa yau, zan ɗauki kekena in bi ta gefe. Ba sai kin ce min komai ba."

"Shekara biyu ina fama a gida saboda kai. Mama ta yi kuka, Yaya ya daina gaishe ni, ban taɓa cewa na gaji ba. Sai yau kai za ka gaji?"

"Ban gaji ba. Wallahi ban gaji ba."

"To mene ne?"

"Ke ba ki san abin ba ne." Ya sunkuyar da kai. "Shekara biyar na yi ina kwana a ƙarƙashin teburin mai shayi a tasha. Yunwa ana sabawa da ita, sanyi ma haka. Abin da ban saba da shi ba har yau, in ji wata uwa ta leƙo ƙofa tana kiran 'ya'yanta su shigo. Ke kina da gida, Auta. Ba zan zama sanadin da za a rufe miki shi ba."

Hawaye suka ɓalle mata. Ba ta ko damu da masu shan mai da ke kallonsu ba.

"Kwana biyar ina kallonka," ta ce. "Wanda tayarsa ta sace ka tsaya masa. Wanda ya yi amai ka tsaya masa. Yayana da ko kallon arziki ba ya maka, ka ƙi wuce shi. Ashe duk cikin tafiyar nan ni kaɗai za ka wuce ka bari a hanya?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"A'a, Sista, kuka kuma?"

Manaja ne, cikin kayan tsere masu kama jiki, da tabarau a goshi. Ko inda Sufana yake bai kalla ba.

"Ki share hawaye, wahala ta kusa ƙarewa. Na sa an ajiye wa Baba kujera a sahun gaba. Yau zai ga wanda zai fara shiga filin nan."

"Shugabar gidan matasan ta ce kowa ya jira a gada, a shiga tare," in ji Auta.

Ya yi 'yar dariya. "Wannan ai don masu rarrafe aka faɗa."

Aka hura usur. Sufana ya cusa tsumman a aljihu ya koma wurinsa, bayan kowa.

*

Saura kilomita ashirin Yaya ya tsaya.

Ba faɗuwa ya yi ba. Ƙafa kawai ya sauke a gindin wani dogon hawa, ya jingina keken da dutse, ya zauna a bakin kwalta daɓas. Sauran mahayan sun daɗe da ɓacewa.

Auta ta sauko da gudu. Gwiwarsa ta dama ta yi suntum.

Ta san dalili, kowa ma ya sani. Tun ranar farko Yaya ya sauke sirdinsa har ƙasa, wai yana son ƙafafunsa biyu su riƙa taɓa ƙasa kamar yadda ya saba a keken yarinta. Sufana ya ce masa, "Yallaɓai, sirdin nan zai ci maka gwiwa." Yaya ya ce da kuɗinsa ya saya, kada wanda ya taɓa masa. Girman kai rawanin tsiya. Ya kwana biyar yana tuƙi a tsugune kamar mai wanki.

Ta matsa nan, ta lanƙwasa can. "Ba karaya, ba abin da ya tsinke. Amma Yaya, ka shiga mota."

"Bari in kira abokina tukuna."

Ya sa wayar a amsa-kuwwa. Muryar Manaja ta fito tare da ƙugin iska.

"Kai, ka shiga mota kawai! Gado ɗaya ne fa. Ni ina dab da gada, in na tsaya jikina zai yi sanyi."

Ƙit, ya kashe.

Yaya ya zuba wa wayar ido. Auta ta tausaya masa, duk da haushinsa da take ji. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa zuwa ƙofar motar, har ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala.

"Yallaɓai."

Sufana ne. Yana tsaye riƙe da kekensa, nesa kaɗan.

"In ka shiga ba mai ganin laifinka. Kilomita ɗari biyar da tamanin ba wasa ba ne. Amma wanda aka rubuta wa gadonka na san shi. Shekararsa goma sha tara, a bayan wani shagon walda yake kwana a kan kwali. Kullum sai ya kira ni ya ji ko mai jan keke yana nan."

Yaya ya waiwayo. "Ya san ni ne?"

"An nuna masa hotonka."

"Me ya ce?"

Sufana ya sosa ƙeya. "Cewa ya yi, 'Mai tumbin nan ne nawa? To Allah ya rufa asiri.'"

Direba ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan sitiyari. Yaya ya ɓata fuska, ya ƙara ɓatawa, can sai dariyar ta ƙwace masa shi ma. Ya sauke ƙafarsa daga matakalar.

"Ka ba ni izini in taɓa keken nan, minti ɗaya," in ji Sufana.

Yaya ya kau da kai. Sufana ya ɗauki wannan a matsayin izini. Ya zaro ƙaramar sufana daga aljihu, ya kwance, ya ɗaga sirdin kamar faɗin yatsu biyar, ya gwada da ƙugun Yaya, ya ɗaure. Ita kuma Auta ta ɗora masa ƙanƙara, ta naɗe gwiwar da bandeji.

"To ai ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba!"

"Ba ƙasa za ka taka ba, Yallaɓai, feda za ka taka."

"In na faɗi fa?"

"Kwana biyar ina bayanka. Yau ne zan tafi?"

Yaya ya hau yana tangaɗi. Ya taka sau ɗaya, ya taka na biyu, ƙafar ta miƙe sosai a karon farko tun da aka fito. Auta ta ga mamaki a fuskarsa.

Amma hawan bai san da wannan ba. Kilomita huɗu ne cur, ga rana ta take. Ba a yi nisa ba keken ya soma layi. Sai Sufana ya matso dab da shi, ya riƙe kan kekensa da hannun hagu, ya ɗora tafin damansa a tsakiyar bayan Yaya, ya soma turawa.

"An yarda da haka?" Auta ta tambayi Direba.

"Doka ta ce mutum ya kai a kan kekensa. Ba ta ce kada a dafa shi ba."

Motar na binsu a hankali, gilashi a sauke, tana jin komai. Tana jin numfashin Sufana yana fita kamar zuga-zugi. Tana ganin jijiyoyin ƙafarsa sun tashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan ƙarfen keken. Nauyin mutum biyu yake ja da ƙafa biyu.

"Kai," in ji Yaya cikin haki. "Ka san ni ne na zuga Baba a kanka?"

"Na sani."

"Ni na ce masa ba ka da asali."

"An faɗa min."

"To don me kake min haka?"

"Mai jiran gadon ba ruwansa da wannan. Taka, Yallaɓai, saura kaɗan."

Auta ta ga kafaɗunsa suna girgiza, ta rasa ko haki ne ko kuka. Ita dai nata kukan take yi a fili, tana jin son mutumin nan yana ƙara cika mata ƙirji, tana kuma tuna cewa ya ce yau zai bi ta gefe.

Suna kaiwa ƙololuwa wayarta ta yi ƙara. Mama ce.

"Ke, kuna ina? Manaja ya shigo shi kaɗai tun ɗazu, hannu a sama. Masu ganga ko motsi ba su yi ba, wai sai kowa ya iso. Babanku ya tambaye shi ina abokinsa, ya ce yana baya. Tun daga nan Babanku bai sake magana ba. Lafiya dai yayanki?"

"Lafiya lau, Mama. Muna tafe."

A bakin gada mahaya ashirin da takwas suna zaune a rana, sun fi awa ɗaya suna jira. Da suka hango jan keke ya ɓullo daga gangara da hannun Sufana a bayansa, sai suka miƙe gaba ɗaya. Ihu, fito, ƙararrawar kekuna. Shugaba, dattijuwar da ke riƙe da gidan, ta ɗaga hular kwanonta sama.

"Wanda ya fi shan wuya shi ke ja mana gaba!" ta ce. "Ku ba shi hanya!"

Haka Yaya, na ƙarshe tun ranar farko, ya shiga gari a gaban kowa. Mutane sun yi dafifi a gefen titi. Masu shaguna sun fito, 'yan makaranta na bin su da gudu, masu motoci na danna oda. A bakin filin ganguna suka ɓarke. Matasan da ke jiran gadajen sun yi layi, kowanne riƙe da kwali mai lambar mahayinsa.

Wani siriri mai lamba talatin, lambar Yaya, ya yar da kwalinsa ya ruga, ya ƙanƙame Yaya tun kafin ya sauka, har suka kusa kifewa tare.

"Ka kai! Wallahi mai tumbi ka kai!"

Shugaba ta karɓi lasifika. "Gado talatin! Ba wanda ya zube a hanya!"

Filin ya ɗauka. Manaja yana gefe da lambar yabonsa a wuya, yana tafi shi ma, tafin wanda ya iso biki tun ba a shimfiɗa tabarma ba.

Sufana ne ya shigo na ƙarshe. Ba wanda ya riƙe kwali dominsa. Ya sauka, ya ja kekensa ya nufi ƙaramar ƙofar gefe.

Auta ta buɗe mota ta diro, sai ta yi kiciɓis da Baba a tsaye cikin farar riga, Mama a bayansa.

"Kin sauko?" in ji shi.

"Na sauko, Baba." Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Ban taɓa saɓa maka ba, yau ma ba zan saɓa ba. In ka ce a'a, na haƙura. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce maganar ta ƙare a zuciyata ba."

"Baba, kafin ka amsa mata."

Yaya ne ya ɗingiso, yana dafe da kafaɗar mai lamba talatin.

"Ni na kawo maka maganar banza a kan mutumin can, ni zan janye ta. Kwana biyar ina wulaƙanta shi yana gadin bayana. Yau da hannu ɗaya ya haurar da ni tudun da ko mota sai ta canja giya. Wanda na kira aboki kuwa a waya ya sallame ni."

"Na ji," in ji Baba. "Na kuma gani da idona. Ban ce mutumin banza ba ne. Amma tambayata tana nan. In ya ɓata mata, wa zan kira?"

"Ni."

"Kai ai yayanta ne."

"Ɓangarenmu mutane sun yi yawa, Baba. Kawu shida, gwaggo tara, ban da masu zuwa cin abinci. Ba za a ji rashina ba. Daga yau na koma nasa. Ni zan kawo shi, ni zan nema masa, in ya yi laifi wayata za ka kira."

Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Baba ya dubi ɗansa ya daɗe, kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai mai baƙin keke!" Baba ya ɗaga murya. "Zo nan."

Sufana ya tsaya cak a bakin ƙofar. Ya jingine keken, ya dawo a hankali, ya durƙusa a gaban Baba, kansa a ƙasa.

"Ka ji abin da wannan ya ce?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ka yarda ya tsaya maka? Ka dai ga yadda yake da taurin kai."

Sufana ya ɗago ya dubi Yaya. "Na yarda, in Yaya ya yarda."

"To ranar Asabar da yamma ina gida. Ka zo da wakilinka." Baba ya dubi gwiwar Yaya. "Amma ku zo a mota."

Auta ba ta san lokacin da ta faɗa jikin Mama ba, tana kuka tana dariya. Daɗin da ta ji ba ta taɓa jin irinsa ba tun da aka haife ta. Mahayan da suka kewaye su suka sa ihu, ƙararrawa ta sake kaurewa.

"Tashi mana," in ji Baba.

Sufana ya yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Sun ɗaure tamau bayan wahalar tudun. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Yaya ya sunkuya zai ɗaga shi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, ya dafe ta yana salati.

Baba ya girgiza kai. "Wakili da ango, duk ba mai moruwa."

Sai ya sunkuya da kansa, ya kama hannun Sufana da hannu biyu, ya ɗaga shi tsaye. Baƙin man sarƙa ya ɓata masa hannun farar rigarsa. Mama ta yi sauri ta miƙo hankici. Baba bai karɓa ba, bai kuma saki hannun ba.